Maki Goma Sha Biyar, Babu Kambu: Kejin da Alhaji Bai Buɗe Ba

Zuwa ga Alhaji Mamman, shugaban ƙungiyarmu ta masu kiwon karnukan Sahel a New York,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da harkokin shago a Canal Street.

Tun bayan gasar nunin karnuka da aka yi ranar Asabar ɗin farko ta watan Mayu na kira wayarka sau uku. Sau ɗaya ka ɗauka, ka ce mu bar wa Allah. Abin da yake na Allah na bar masa. Saura wanda yake tsakanina da kai, shi ne na rubuta. Na kuma sa shi a fili ne saboda a gaban 'yan ƙungiya aka yi alkawarin da nake magana a kansa.

Kafin na zo ƙasar nan na yi shekara tara ina aikin jarida a Sakkwato, inda aka hore ni da kada na rubuta abin da ban gani ba ko ban tabbatar ba. Na ji maganganu da yawa game da dalilinka. Babu ko ɗaya a cikin takardar nan.

Na ɗaya: yadda ake zama zakara.

Kai ka fi ni sanin wannan, a wurinka na koya. Na kawo shi ne don 'yan'uwan da za su karanta, waɗanda suke ɗauka wasa muke yi da karnuka. Kare ba ya zama zakara don ya ci gasa ɗaya. Sai ya tara maki goma sha biyar a hannun alƙalai aƙalla uku. Makin da zai samu a rana ya danganta da yawan 'yan jinsinsa da suka shiga fili tare da shi, maza dabam, mata dabam, kuma ba ya wuce biyar. Amma tarawa kaɗai ba ta isa ba. Dole a cikin goma sha biyar ɗin a samu manyan nasarori biyu, kowacce mai maki uku ko fiye a tashi ɗaya, a hannun alƙalai biyu mabambanta. Irin wannan nasara ita ce muke kira meja.

Abin da ake ƙirgawa shi ne karen da ya taka fili da ƙafafunsa. Wanda aka yi wa rajista, sunansa ya fito a kundin gasa, amma aka bar shi a keji, ba ya cikin lissafi. Jinsin da muke kiwo, Azawak, ba shi da yawa a nan. A jadawalin yankinmu na bana, sai mata huɗu sun shiga kafin wadda ta ci ta samu maki uku. Idan uku ne, maki biyu. Shi ya sa masu irin karnukanmu suke da al'adar cika wa juna lamba: kowa ya kawo tasa, ko da ya san ba ita za ta ci ba. Ba a ce kowa ya faɗi da gangan ba. Alkawarin ɗaya ne tak, ka shiga fili.

Na biyu: abin da ya gabata tsakaninmu.

Kai ka jawo ni harkar nan, Alhaji. Ranar da na fara ganin karyarka Zinariya a bayan motarka, na tsaya na kasa tafiya, domin irinta kakana yake farauta da su a dajin Illela. Ka yi dariya, ka ce ai Turawa har kambu suke ba su. Kai ka haɗa ni da wanda na samu tawa karyar, Barewa, a hannunsa. Kai ka koya mini yadda ake tsayar da ita a gaban alƙali, da yadda ake riƙe igiya sako-sako a lokacin sassarfa. Ban manta ba, kuma ba zan yi kamar na manta ba.

Ka san abin da na jure a kanta. A masallacin da muke Juma'a a Concourse Village akwai waɗanda har yau suke kirana Sabi'u mai karnuka, wasu suna duban wandona kafin su tsaya kusa da ni a sahu. Na gina mata ɗaki a bayan gidanmu a unguwar Jamaica don kada ta shiga inda muke sallah, na ware tufafin fita da ita dabam. Maiɗakina ta yi haƙuri da Asabar-Asabar ɗin da ba na gida.

Zinariya ta zama zakara bara. Duka mejojinta biyu, Barewa tana cikin fili, ita ce ta huɗu. A na biyun na san ba za ta ci ba, don ta rame bayan wata rashin lafiya, ga dusar ƙanƙara a hanya. Na je. Da aka miƙa maka ƙyallen nasara ka rungume ni a gaban mutane, ka ce ranar Barewa na zuwa, kuma da ƙafarka za ka kawo ta.

Na uku: abin da ka sani kafin ranar.

Zuwa watan Afrilu Barewa tana da maki goma sha uku da meja ɗaya. Shekara biyu da rabi muka yi muna tara su, ɗaya a nan, biyu a can. A tsakiyar watan likitar dabbobi ta gano matsala a mahaifarta, ta ce sai an cire. Na tambaye ta ko jinkirin mako uku zai cutar da ita. Ta ce za a iya jira da magani, amma kada ya wuce haka. Da ta ce a yi gobe, da gobe aka yi. Dokar gasa kuwa a bayyane take: karyar da aka cire wa mahaifa ba ta sake neman maki. Wato gasar Mayu ita ce ta ƙarshe a rayuwarta.

Na faɗi wannan duka a taron ƙungiya, kana kan kujerar shugaba. Ka ce za ka kawo ƙananan karnukanka mata biyu, Iska da Walƙiya. Tare da Barewa uku ke nan. Ta huɗu na samo ta a wurin wata dattijuwa Ba'amurkiya a Pennsylvania, wadda ban taɓa gani ba sai a hoto. Na rubuta mata saƙo, ta amsa da layi ɗaya cewa za ta zo.

Na huɗu: ranar gasar.

Ƙarfe goma da rabi aka sa jinsinmu. Ka iso kafin tara. Na ga kejin Iska da na Walƙiya a jere, na gaishe ka, ka tambaye ni ya mai jiki. Dattijuwar ta iso bayan tuƙin awa huɗu, tana ɗingishi saboda gwiwa. Mai kiran lamba ya fara kira. Ka shigo da Iska. Ya kira lambar Walƙiya sau biyu, ya duba takardarsa, ya ja layi. Daga inda nake tsaye ina hango kejinta, an rufe shi da bargo. Ɗan'uwanka da ya saba shigar maka da ita yana zaune a gefensa da lambarta a hannu, bai ɗaga kai ba. Na dube ka. Kana gyara wa Iska ƙafa.

Barewa ta ci. Ban taɓa ganin ta yi sassarfa irin ta ranar ba. Alƙaliyar ta nuna mu, ta miƙo mini ƙyallen shunayya, ta taya ni murna da fara'a, don ba ta san komai ba. Mata uku, maki biyu. Goma sha uku da biyu, goma sha biyar cif. Makin Barewa ya cika, kambu babu, saboda meja ɗaya gare ta. Dattijuwar nan da karyarta ta zo ta ƙarshe ita ce ta riƙe hannuna a bakin fili, idonta ya kawo ruwa. Kai kuwa kafin na gama saka Barewa a mota ka riga ka tafi.

Ranar Talata aka yi mata aiki. Alhamdulillahi ta tashi lafiya, an cire zare, tana cin abinci.

Na biyar: uzurin da ka bayar.

Ka ce wa 'yan ƙungiya Walƙiya ta wayi gari tana ɗingishi. Idan haka ne, ba ni da ta cewa, domin ko ka shigar da ita alƙaliya za ta fitar da ita, kuma ba za a ƙirga ta ba. Sai dai abu biyu. Awa ɗaya da rabi muka yi a wuri ɗaya kafin a kira mu, ba ka ce mini komai ba. Sannan washegari Lahadi da hantsi, kai da kanka ka sa bidiyo a zauren ƙungiya na waya, Walƙiya tana tsere da Iska a filin ciyawa, ita ce a gaba. Bayan 'yan mintoci ka goge shi. Na riga na gani, ba ni kaɗai ba.

Na yarda ba ka karya dokar masu gasa ba. Kowa yana da ikon barin karensa a keji, babu wanda zai tuhume shi. Shi ya sa ba su na kai wa ƙara ba. Su maki suke rubutawa. Alkawarin kuwa da Hausa aka yi shi, a ɗakin da muka ci tuwo tare.

Abin da nake nema.

Ina roƙonka ka tsaya a taron wata mai zuwa ka faɗi dalilinka da bakinka, ko wane iri ne. Zan saurara ba tare da na katse ka ba. Ina roƙon ƙungiya ta rubuta ƙa'ida cewa duk wanda ya ɗauki alkawarin cika lamba, idan zai janye, ya sanar da sauran kafin ranar, ko ya nuna takardar likita. Sannan a cire hoton Barewa daga tutar ƙungiya, inda aka rubuta a ƙarƙashinsa cewa ita ce zakararmu ta gaba. Duk wanda ya karanta yana tambayata yaushe ne, ni kuma na gaji da bayani.

Saura magana ɗaya. A gasar watan Yuli Iska tana neman mejanta na farko, kuma ka san ba za ku cika huɗu ba sai da ƙanwar Barewa da ke hannuna. Tun watan Maris na ce maka zan kawo ta. Wasu sun ba ni shawarar na yi mata rajista, na zo, na lulluɓe kejinta da bargo. Na yi tunanin haka fiye da yadda nake so na amsa. Amma zan kawo ta, kuma idan aka kira lambarta zan shiga. Abin da nake so kawai shi ne, lokacin da kake ƙirga mu a cikin fili, idan ka zo kan ta huɗu, ka ɗaga kai ka dube ni.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya albarkaci kasuwarka da zuriyarka, ya ba ka ikon riƙe shugabancin nan da gaskiya, ya yafe mana baki ɗaya.

Wassalam.

Ƙaninka,
Sabi'u
Jamaica, Queens