Barorin Sarkin Fako

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024

Na dawo daga makaranta a Gagarawa jikina kamar an daka. Aji biyu na haɗa yau, malamin lissafi bai zo ba. Ga Asabar na matsowa, ban shirya komai na wasa ba.

Shekara biyu ke nan ina riƙe musu wasan nan a shagon Kyauta tela. Ni ke ba da labari, su uku kowa da jaruminsa, ƙwayar ludo ke yanke wanda ya yi nasara. Yanzu sun iso ƙasar Sarkin Fako, mugun da ke zaune a ƙarƙashin busasshiyar rijiya. Shi na gama da shi tuni. Barorinsa ne suka gagare ni.

Laraba, 16 ga Oktoba

Kunamu masu girman jaki. Kuraye masu kukan jarirai. Gawarwakin da gara ta cika musu ciki. Ko ni da na rubuta babu wanda ya motsa ni.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na gwada kunamun. Kyauta ya yi dariya har ya soke yatsa da allura, wai jaruminsa takalmi kawai zai cire. Siddiq na ta duba waya. Bappa ne kaɗai ya daure ya yi kamar ya tsorata, don kada in ji kunya. Halinsa ke nan tun muna sakandare. Daga Maigatari yake tasowa a babur duk mako, ya rufe rumfar maganin dabbobinsa, don wannan shirmen nawa.

Talata, 22 ga Oktoba

Shanu sun shiga gonar Baba a ƙauye, bayan Sule Tankarkar. Waken duka. Saura kwana kaɗan a fara roro. Ba wanda ya ga masu su, sai sawu da kashi.

Na nemi izini na je. Na tarar da shi zaune a bakin gona, hularsa a gwiwa. Bai yi faɗa ba, ni kuwa da ya yi ma da ya fi mini. Sai dai ya ce in ɗauko masa buhu mu tsinci abin da ya rage. Mutum mai shekara saba'in yana tsintar wake cikin sawun kofato.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Na same su. Zama ɗaya na rubuta shafi uku. Masu Tafe. Dogaye, sirara, sanda gicciye a kafaɗa, malafa ta rufe fuska. Suna koro dabbobi marasa idanu da ke lashe duk abin da aka shuka. Suna wani yare da ba mai ji. Ba a sulhu da su, sai dai a kashe.

Na karanta wa matata Rahamatu tana tankaɗe. Ta tsaya ta dube ni, ta tambaya ko Bappa zai zo ranar Asabar. Na ce me ya kawo Bappa cikin maganar aljanu. Ta ci gaba da tankaɗenta.

Asabar, 26 ga Oktoba

Sun ji tsoro, wannan kam ba ƙarya. Siddiq ya kife wayarsa. Kyauta ya sauke ƙafa daga keken ɗinki. Na kwatanta yadda ƙura ke tashi daga gabas, da ƙarar sanduna, da manoman da ke ɓuya cikin rumbu. Daɗi na ji, in faɗi gaskiya. Na daɗe ban riƙe su haka ba.

Da layi ya zo kan Bappa, ƙwayar na hannunsa, bai jefa ba. Ya tambaye ni wane yare suke yi. Na ce ai na faɗa, ba mai jin sa.

Ya ce, “Ni ina ji.”

Ya ajiye ƙwayar a kan tabarma, ya ce zai je ya yi alwala. Sai ƙarar babur muka ji.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Wasa ne. Ban ambaci sunan kowa ba. In mutum ya ga kansa a cikin dodo, laifina ne?

Talata, 29 ga Oktoba

Kyauta ya ce in kira Bappa. Na ce wanda ya tashi shi zai dawo. Kaina na ciwo tun safe.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Na kai wa Baba magani bayan masallaci. Muna hira ya ce in gode wa abokina, Bafulatanin nan mai maganin dabbobi. Wai washegarin ɓarnar ya zo jaje, ya wuni suna tsinta tare, ya kuma bi rugagen kusa yana tambayar ko an ga baƙin garke sun ratsa. Baba ya ɗauka ni na aiko shi.

Laraba ke nan. Alhamis na rubuta abin da na rubuta. Asabar ya zo ya zauna kusa da ni bai ce ya je ba.

Na ce wa Baba to, zan gaya masa.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Ba wasa. Na ce musu ba ni da lafiya.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Ranar kasuwar Maigatari. Bayan an tashi daga makaranta na hau mota na je. Rumfar Bappa cike da makiyaya, na tsaya gefe kusan awa ɗaya. Wani dattijo ya matsa mini a benci, ya miƙo mini ruwa. Na rasa inda zan sa idona.

Da mutane suka ragu na isar da godiyar Baba. Ya ce ba komai. Na ce shafukan nan na yage su. Ƙarya ce, suna cikin jakata a lokacin. Ya ci gaba da jera kwalabe. Sannan ya ce tun yana yaro yake jin irin wannan a tasha da cikin mota, ya saba, bai dai taɓa zaton zai ji a shagon Kyauta ba, kuma da muryata.

Na ce na yi kuskure. A hankali ta fito, ban san ko ya ji ba, lokacin wata babbar mota na wucewa. Ban maimaita ba. Ya raka ni bakin titi, bai ce zai zo ba.

A mota na yage su. Na cusa a aljihu, ban ma san inda zan zubar ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Bai zo ba. Mun sha shayi muka watse.

Da la'asar sakaliya saƙon murya ya shigo daga Bappa, minti shida. Ba gaisuwa. Wani abu ne da kakarsa ke tsorata su da shi a ruga: yana kwaikwayon muryar saniyar da ta ɓata, mai nema ya yi ta bi, ya yi ta bi, har ya manta hanyar gida. Wanda ya dawo kuma ba ya gane 'yan'uwansa. A ƙarshe ya ce in ina so in ba Sarkin Fako, in ba na so shi ke nan.

Ya fi nawa ban tsoro, nesa ba kusa ba. Na amsa masa cewa zan duba in na samu lokaci.

Na riga na kwafe shi a littafi. Akwai kalma biyu na Fulatanci da ban gane ba, na bar musu gurbi. Sai in ya zo ya faɗa mini yadda ake rubuta su.