Jif ɗin da Yayana ya kawo mana

Salamu alaikum, Gwaggo mai shawara. Don girman Allah ki taimake ni kafin ranar Litinin, domin ranar ce maigidana zai cika kuɗin wata mota, ni kuma na san abin da bai sani ba game da ita, amma bakina ya ƙi buɗuwa.

Ni malamar firamare ce, shi yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti. 'Ya'yanmu uku, ga ciki wata bakwai, hoto kuma ya nuna biyu ne. Tun bara mahaifiyarsa, Inna, ta dawo wurinmu saboda ciwon gwiwa. Motarmu 'yar ƙarama ce. Duk ranar da za mu fita gaba ɗaya, Inna na gaba da sandarta, ni ina baya da auta a cinya, manyan biyu suna faɗa kan bakin taga. Yanzu ma cikin ya ture auta daga cinyar. In 'yan biyu suka iso, mu takwas ke nan.

Shekara biyu muna tara kuɗin babbar mota mai kujeru layi uku. Ni ina koyar da yaran maƙwabta da yamma, shi ko takalmi bai sake ba. Da abin da muka tara da kuɗin ƙaramar motar in an sayar, iyakar ƙarfinmu ke nan.

To, Gwaggo, ina da yaya namiji, dillalin motoci ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya yi mini karatu, shi ya aurar da ni. Ban taɓa ɗaga ido na kalle shi da musu ba. Makonni biyu da suka wuce ya iso ƙofar gidanmu da wani baƙin jif, kujerun fata, na'urar sanyi har layin baya. Ya ce tun da ya gan shi ya ce wannan na ƙanwarsa ne, ko la'adarsa ba zai ɗauka ba. Baban yara ya zagaya motar sau uku yana shafa ta, washegari ya kai kafin alƙalami, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da muka tara. Da na ce a kai wa bakanike ya duba, sai ya ɓata rai, wai da wane ido zai kalli surukinsa in ya sa a bincike shi kamar ɓarawo.

Yaya ya bar mana motar mu ɗana ta zuwa ranar cika kuɗi. Ranar Laraba na kai yara makaranta da ita, sai na ji sitiyari yana ja na hagu, in na taka burki kuma gaban yana rawa. Ban gaya wa kowa ba, na wuce garejin tsohon bakaniken da ke gyara mana ƙaramar motar. Ya shiga rami ya daɗe a ƙarƙashinta. Da ya fito ya goge hannu, sannan ya tambaye ni ko mun riga mun biya. Ya haska mini fitila na duƙa da cikina na gani da idona: ƙarfen da ke riƙe da gaban motar ya taɓa karyewa, an yi masa walda an shafe da baƙin fenti. Jakar iskar da ke kare direba in an yi karo babu ita a cikin sitiyari, manne murfin kawai aka yi, an kuma cire ƙwan fitilar da ya kamata ya nuna haka. Bel ɗin layin baya, inda yarana za su zauna, ba ya kamawa. Ya ce motar ta yi mummunan hatsari, shi dai ba zai ɗora jikokinsa a cikinta ya hau babban titi ba. Ya ƙara da cewa man da za ta sha ya ninka na tamu.

Tun ranar abinci ba ya wuce mini. Shin Yaya ya sani? Shekararsa ashirin a harkar, mutumin da ke gane ciwon inji daga ƙararsa. Matarsa ta taɓa faɗa mini kasuwa ta tsaya masa, akwai wata mota da ta yi wata biyar a hannunsa ta ƙi fita. Ban san ko ita ce ba, ina kuma tsoron tambaya.

Bakaniken ya nuna mini wata, ta wani likita da ya yi ritaya. Doguwa ce kamar bas, ruwan ƙasa, da ƙarcewa a ƙofa, amma kujera takwas, hannu ɗaya ta zauna, bakaniken ne ke duba ta shekara tara, kuɗinta kuma bai kai na jif ɗin ba. Na ɗan ɗauko wa baban yara zancenta a kaikaice, ya yi dariya ya ce ba zai sayi motar da fasinja za su riƙa ɗaga masa hannu a hanya ba.

Mijina ba mai faɗa ba ne, amma in ya ɗauke kai daga mutum ya ɗauke ke nan. In na faɗa, shi da Yaya sun rabu har abada, ga laifina na zuwa gareji ba da saninsa ba. Har ƙarya na shirya, in ce warin kujerun ke sa ni amai. Yau da safe na leƙa ta taga na gan shi da yara suna wanke motar, yana nuna musu inda ƙannensu za su zauna. Na koma ɗaki na zauna bakin gado. Gwaggo, ya zan yi?

Taki,
Mai jiran 'yan biyu

*

Wa alaikumus salam, 'yata.

Bari in fara da abin da ba ya buƙatar dogon tunani: wannan jif ba za ku saye shi ba, kuma daga yau kada yaro ya sake shiga cikinsa. Ɓacin ran miji yana wucewa, na ɗan'uwa ma haka. Abin da motar nan za ta iya yi muku a kan titi ba ya gyaruwa. Zuwanki gareji kuwa ba laifi ba ne. Kin ji sitiyari na ja, da 'ya'yanki a baya, kika bincika. Da ni ce haka zan yi.

Ƙaryar amai ki ajiye ta. Zai ce a sake rigar kujeru, ki wayi gari Litinin ta zo. Ki samu maigidanki yau, ku biyu, ba gaban Inna ko yara ba. Ki faɗi abin da kika ji a hannunki da abin da kika gani da idonki, ki tsaya nan. Kada ki ce Yaya ya cuce ku, domin ba ki da tabbas. Ki roƙe shi ku koma garejin tare, ko ya zaɓi wani bakaniken da ransa ya kwanta da shi. Mutumin da aikinsa gwaji ne, in ya ga waldar da idonsa ba sai kin ƙara magana ba. Ki kuma tausaya masa. Shekara biyu yana hana kansa don ya ga iyalinsa a mota mai mutunci, kunyar surukinsa da ya ji ma darajarki ce ya duba.

Shi kuma Yayanki, mai yiwuwa ya sani, mai yiwuwa shi ma rufe shi aka yi, dillalai ma ana yi musu. Mai yiwuwa kuma ya ga alama ya kau da kai saboda matsi. Ke za ki je masa, ke kaɗai, kafin mijinki ya kira shi. Ki gaishe shi yadda kika saba, ki ce bakanike ya ga kaza da kaza, kin san ba zai so 'ya'yansa su shiga irin wannan ba. Kin buɗe masa ƙofar fita da mutuncinsa. In ya mayar da kafin alƙalamin, ku rufe maganar, kada ku tono. In ya nemi lokaci, ku sa rana. In ya yi fushi, ki haƙura ki ci gaba da gaishe shi. Riƙon da ya yi miki gaskiya ne, amma ba da lafiyar 'ya'yanki ake biyansa ba. Ki kuma roƙe shi kada ya sayar wa wani ba tare da ya faɗi aibinta ba.

Motar likitan ma kada ku rufe ido a kanta don kawai kuna gudun waccan. Bakaniken da ya nuna miki ita yana iya samun nasa a cinikin, don haka wani daban ya duba. A tayar da injin da safe yana sanyi, a hau babban titi da ita, a ja kowane bel a ga ya kama, a haɗa lambar jikinta da ta takardu. Ku tambayi farashin tayoyinta da kayan gyaranta a kasuwa, ku auna man wata guda da albashinku. Ku sa Inna ta gwada hawa da sauka, domin jif mai tudu wahala ce ga mai ciwon gwiwa. Kada ku zuba duk abin da kuka tara, ku bar na gyaran farko da na haihuwa. In maigidan ya ƙi doguwar, kada ki dage, ku nemi ta uku. Kuna da sauran wata biyu, motoci kuma ba su ƙare ba.

Ki daure ki ci abinci, mutum uku ne ke jiran wannan loma. Ki yi maganar yau tun rana ba ta faɗi ba. Allah ya sanyaya zukatan mazajen nan biyu, ya haɗa ku da mota mai albarka, ya sauke ki lafiya.

Gwaggonku