Mai tsaron gidan da kuka ce mu aiko muku a bidiyo

Zuwa ga mai horar da 'yan ƙwallon ƙasa, da dattawan kwamitin da ke taya shi zaɓen 'yan wasa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku.

Sunana Mamman Lawali. Asalina Damagaram, amma Akokan ce ta cinye ƙuruciyata. Makanike ne ni a kamfanin uraniyom har aka rufe ramin a 2021, kuma ni ke horar da ƙungiyar ƙwallon garin, da can a inuwar kamfani, yanzu da usur da maƙogwarona kawai. Na saurari sunayen da kuka fitar na masu zuwa babbar gasar nahiya a rediyon mai shayin unguwarmu. Aka kai ƙarshe babu Aghali, mai tsaron gidana. Na san ba lalle ne kowa ya shiga ba. Abin da ke cina shi ne ba ku taɓa ganinsa ba balle ku ƙi shi.

Na ɗaya. Kun ce ba ku ɗaukar kowa sai mai lisansi a babbar ƙungiya. To, ranka ya daɗe, ƙungiyarmu da ramin tare suka mutu. Kamfani ne ke ba da kar, babbar motar da ke kai mu wasa, shi ke sayen riguna. Da ya naɗe tabarmarsa, yaran da ke da dangi a Yamai suka gangara kudu. Aghali maraya ne, ubansa abokin aikina ne a ƙarƙashin ƙasa, ciwon ƙirji ya tafi da shi. Wajen wa zai sauka a Yamai?

Na biyu. Da na dame ku da kira, kun yi alkawarin turo mutum ya gan shi. A lokacin yayyensa da 'ya'yan kawunsa sun gama shirin tafiya ramukan zinariya na bakin iyakar Aljeriya, har sun kama masa wuri a mota. Na je na durƙusa gaban mahaifiyarsa, Tanti Fatimata, na ce ta bar mini shi, manya sun yi magana. Ta bar shi, 'yan uwansa suka tafi. Muka tsince duwatsun fili da hannu, muka ja layi da toka, wani direba ya yayyafa mana ruwa da tankarsa a garin da ruwa ke da daraja irin ta mai. Mutuminku ya iso Agadez, aka ba shi labarin munin hanyarmu, sai ya juya. Saƙonsa kawai muka samu, wai mu shirya wasa mu ɗauka a bidiyo mu aika.

Na uku, shi ne abin dariyar da ya hana ni dariya. Mai kyamara ɗaya muka sani, Malam Bulus, Kirista ɗan Maradi, mutumin kirki, wanda duk auren da aka ɗaura a Arlit da Akokan ya bi ta idonsa. Ko dala bai karɓa ba. Sai dai bawan Allahn nan ya ɗauki wasanmu da 'yan Arlit, maƙwabtanmu, yadda yake ɗaukar biki. Kafin hutun rabin lokaci 'yan Arlit sun yi wa Aghali ruwan ƙwallo, yana tashi sama yana faɗuwa a kan tsakuwa, gwiwar hannunsa har jini. Malam Bulus kuwa yana can gaban rumfa yana bin manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, rawani da tabarau, kowa yana gyara zama. A bidiyon sai dai ka ji ihun jama'a, ka ga wani Alhaji yana tafi.

Da na gane, na ja shi na dasa shi a bayan raga, na ce ko sarki ya zo kada ya waiga. Nan kuma wata ta ɓullo. 'Yan gaban Arlit suka ga kyamara a kan Aghali, suka san abin da ake nema masa, sai tausayi ya kama su. Yaran da ke fasa raga suka koma miƙa masa ƙwallo a hannu kamar masu ba jariri fura. Ina ihu ina cewa ku buga da gaske, suna yi mini murmushi, a ganinsu taimako suke yi. Amsar da ta zo daga wurinku gajeriya ce: ba a ga an gwada yaron ba. Gaskiya kuka faɗa. Amma da mutuminku ya zauna a bakin filin nan, da idonsa ya bi ƙwallo, kuma da babu wanda zai yi wa kyamara kara.

Ga roƙona, ko da yake na daina sa rai. Ku riƙa tako ƙafa arewa da kanku kafin ku rufe sunaye. Hanyar da ta kori mutuminku ita matanmu masu ciki ke bi. In kuma kun san ba za ku zo ba, ku faɗa tun farko, kada wani sakarai irina ya ɗauki maganarku ya kai gidan mutane.

Aghali ya tafi zinariya bayan fitar sunayen. 'Yan uwansa sun riga sun canja rami, ba wanda ya san inda suke, don haka cikin mutanen da bai sani ba ya hau mota. Na je gaida Tanti Fatimata, ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, “Malam Mamman, da ka bar shi ya bi yayyensa, da ko ƙasa ta rufta akwai mai tono shi. Yanzu wa ya san ɗan wane ne?”

Na dawo gida. Na zauna na rubuto muku, ko ku kuna da amsar tambayarta.

Allah ya ba ku nasara a gasar, ya tsare ragar ƙasarmu da hannun wanda kuka zaɓa, ya raya muku 'ya'yanku a gabanku.

Wassalam.

Mamman Lawali,
Akokan, Arlit.