Fim Ɗin Kamilu da Ba a Ƙarasa Ba

Litinin, 3 ga Yuli, 2023

Kwana goma sha ɗaya da aka binne Kamilu. Na buɗe shago don zaman gida ya ishe ni. Mutum shida suka zo na tura masu fim a waya. Huɗu daga ciki "Makau Mai Jaki" suka nema, kashi na ɗaya da na biyu. Kamilu ne Makau. Na tura. Ban kalli allon ba.

Alhamis, 6 ga Yuli

Ruwa tun asuba. Babu kowa.

Juma'a, 14 ga Yuli

Bari in rubuta sau ɗaya, ko ya bar kaina.

Kashi na uku muke ɗauka, saura fitowa uku. Ni na ce sai a bakin wata fadama kusa da Nasarawa Burkullu, don na taɓa ganin wajen da damina, kore shar. Kamilu ya ce, "Abdulwahabu, hanyag ga ba ta da kyau yanzu." Na ce shekara goma sha huɗu ina yawo da fim tsakanin Gummi da Bukkuyum da Anka, tun lokacin faifai, ba abin da ya taɓa ni. Na riga shi tafiya da kyamara ranar Laraba. Shi ya biyo da safiyar Alhamis a motar haya. 'Yan bindiga suka tare su. Mutum biyar suka rasu.

Ina can bakin fadama ina duba inda rana ta fi faɗowa, har ina masa faɗa a raina wai ya makara.

Na rubuta. Ban ji komai ba.

Asabar, 22 ga Yuli

Barau, mai haɗa mana hoto, ya kira daga Gusau. Wai me za a yi da abin da aka ɗauka. Na ce yana cikin kwamfuta. Ya ce to. Daga nan kuɗin wayarsa ya ƙare ko ya kashe, ban sani ba.

Mai shagon tura fim na Anka ma ya aiko, wai mutane na tambayar kashi na uku. Ban ba da amsa ba.

Matata Zulai ta ce na daina yi wa yara magana. Ban lura ba.

Talata, 1 ga Agusta

Sadakar arba'in. Na je, na zauna a waje cikin maza, na shafa fatiha, na taso. Ban shiga na gaida Inna Habsu ba, mahaifiyarsa. A da har ɗakinta nake shiga in sha fura.

Laraba, 9 ga Agusta

Ita ta zo. Da hantsi, da ƙafarta, a bakin shago, tsohuwar da ba ta zuwa kasuwa. Na miƙe na rasa inda zan sa hannuna.

"Abdu, gudu na kakai?"

Na ce a'a, Inna.

"An ce mani akwai wanda kunka ɗauka ba a hiddo ba. Ina son in gane shi shina tahiya. Hoton waya ba ya motsi."

Na ce ba a gyara ba, duk kurakurai ne. Ta ce ita ta haife shi, ta san kurakuransa. Na ce gobe zan kawo.

Alhamis, 10 ga Agusta

Na kai kwamfuta gidan. Rabon da in buɗe wajen da fim ɗin yake tun watan Yuni. Hamida, matarsa, ta ce ba ta iyawa, ta shige ɗaki, amma ta bar labule a ɗage.

Ga shi nan. Yana jan jaki, jakin ya ƙi, ya manta maganarsa, ya juyo yana ce mini, "A sake, furodusa, wanga jaki ya hi ni iya wasa." Muryata a bayan kyamara ina cewa rana na tafiya, ka yi sauri.

Inna ta matso har hancinta ya kusa taɓa allo. Ta ce, "Rigar babanai ce wagga! Wata ukku ina biɗarta." Sai ta yi dariya. Dariya sosai, tana goge ido da bakin zane. Aka kalla sau uku.

Ina naɗe wayar kwamfuta na faɗa mata. Na ce Inna, ni na matsa masa. Ya ce hanya ba kyau, ban ji ba.

Sai ta ce:

"Na sani. Ya hwaɗa mani da sahe. Ni ma na hana shi, yac ce in bai tahi ba kana can kai ɗai."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ce in sha fura kafin in tafi. Na sha.

Lahadi, 20 ga Agusta

Ba abin rubutawa. Geron bayan gari ya fara fidda kai.

Litinin, 28 ga Agusta

Ba ciniki, sai na buɗe kwamfuta don in rage kayan da suka cika ta. Ban rage komai ba. Na iske kaina ina jera fitowa, ɗaya bayan ɗaya, har guda tara. In aka tsaya inda Makau ya zauna ƙasa jakin ya wuce shi kaɗai, labarin na iya ƙarewa nan. Ba sai an je fadama ba.

Akwai wajen da ya yi tuntuɓe ya gaida ƙasa kamar surukarsa. Na yi dariya. Daga nan ban san yadda aka yi ba, sai da na jawo ƙofar shago na rufe, har la'asar.

Ban ce zan fitar da shi ba. Na dai kira Barau na tambaye shi ko yana da aiki ranar Alhamis.