Akwatin Assu

Litinin, 6 ga Mayu

Akuyar nan mai taurin kai ce ta jawo. Ta haye bayan ɓaure na uku, sama da magudanar ruwa, inda kwazazzabon Todga ya fara matsewa, ƙafarta ta maƙale a tsagar dutse. Na zura hannu zan ciro ta, sai na taɓo roba. Ɗan akwati ne mai murfi, an toshe bakin tsagar da duwatsu uku, toshewar wanda ya san abin da yake yi. Na ɓoyo shi a mayafina. Ban buɗe ba sai da na yi alwala.

Abin da ke ciki: 'yar motar roba, makullin da ban san ƙofarsa ba, kwabo mai huda, fensir, warwaron zare, da ɗan littafi cike da rubutun Nasara. Ni Larabci kaɗai aka koya mana a ajin manya. Amma kalma ɗaya na sani, don shekara ashirin da shida tana rataye a wuyan mijina, a katinsa na jagoran baƙi. Assu. Ga ta nan shafi bayan shafi, kowane da hannu daban.

Wata goma sha ɗaya da rasuwarsa. Likitan Tinghir ya ce zuciya ce. Zuciya, ga mutumin da yake barin samari a baya a hawan dutse?

Talata, 7 ga Mayu

Warwaron. Ja da baƙi, ƙulli biyu a ƙarshe. Duk ƙauyen nan mutum ɗaya ke ƙulla zare haka, maƙwabciyata Rƙiya. Shekara talatin muna gasa gurasa a tanderu ɗaya. Ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana uku. Ita ta riƙe ni ranar da aka fita da gawar Assu.

Na ce ba zan yi tunanin ba. Yini guda ina yi.

Juma'a, 10 ga Mayu

Na kai wa liman, Si Lmadani, akwatin bayan an sauko daga masallaci. Ya juya motar, ya tura ta a kan tabarma, ta tafi. Ya ce, "Lalla Tuda, shekara arba'in ana kawo mini abin da aka tono. Gashi, farce, kwaɗo a kulle. Ban taɓa ganin sammu da fensir a ciki ba."

Na ce to sunan fa? Ya ce in hankalina bai kwanta ba, in bari a yi addu'a a ƙona. Na ce sai Juma'a mai zuwa. Ban san dalili ba. Hannuna ne ya ƙi sakin littafin.

Asabar, 11 ga Mayu

Na yi abin da na yi. A bakin tanderu, gaban mata shida, na ajiye warwaron a kan ƙullunta. Na ce naki ne? Ta ce nata ne. Sai fuskarta ta canja, ta ce, "Tuda, ke kika ɗauke akwatin?"

Ashe ta san da shi! Na ce, "Me ya yi miki? Me Assu ya tare miki a duniya da za ki binne sunansa a dutse?" Ta buɗe baki za ta yi magana, na ce ta rufe mini shi. Ta naɗe ƙullunta ɗanye ta tafi.

Ban ji sanyin da na zaci zan ji ba.

Talata, 14 ga Mayu

Baƙi biyu masu jakar goyo sun fi awa guda suna zagaye ɓauren nan. Su dubi waya, su dubi dutse, su zura hannu a tsagar. Suka tafi kamar waɗanda aka hana abinci. Jiya ma wasu uku. To har Turawa Rƙiya ta haɗa baki da su? Rƙiyar da ko lambar ɗanta sai an danna mata?

Laraba, 15 ga Mayu

Lambobi dai ina iya karantawa. Kowane rubutu da kwanan wata a samansa. Na farko shekara bakwai ke nan. Na ƙarshe watan jiya. Wane ne zai ci gaba da yi wa mamaci sammu? Kuma wani ya zana fure kusa da sunan.

Kaina ya ɗaure. Gurasar kanti nake ci, kamar ana tauna soso.

Alhamis, 16 ga Mayu

Yau wata ce ita kaɗai a gindin ɓauren, da sandar tafiya, ta yi mini sallama da Larabci. Nazha, mai sayar da magani a Rabat. Na ce me kika yar a nan, 'yata? Ta yi dariya, ta ce wasa ne, ta faɗi sunan wasan, bakina bai iya ba. Wai mutum ya ɓoye akwati a wurin da yake so mutane su gani, ya sa alamar wurin a waya. Wanda ya gano ya rubuta sunansa, ya ɗauki abu ɗaya, ya bar ɗaya. Shi ke nan. Na ce kuɗi fa? Ta ce babu. Na ce daga Rabat kika taso don motar roba? Ta ce, "Inna, don hanyar nake zuwa. Akwatin dalili ne kawai."

Na tambayi wanda ya ɓoye wannan. Ta ce wani jagora ne, Assu, har ya rubuta yadda za a zo. Na ce ta karanta mini. Ta fassara mini shi, na sa ta maimaita don in rubuta:

"Ku bi magudanar ruwa, kada ku bi kwalta. Ku fito da sassafe kafin rana ta shigo kwazazzabon. In kun ga hadari a saman duwatsu, ku fita daga rafin nan take, ko da nan ba a yi ɗigo ba. A gida mai shuɗiyar ƙofa za ku ga wata mata ta ɗaure fuska. Matata ce. Ku gaishe ta. Fuskar ce kawai, gurasarta ta fi ta kowa."

Na zauna a kan dutse. Ta ce lafiya? Na ce gwiwa ce.

Na kawo ta gida na ba ta littafin. Kalmar da ke gaban sunansa a duk shafukan, godiya ce. Mai furen nan kuwa ya ji labarin rasuwar ne, ta'aziyya ya rubuta. Ga abin da zan kai a ƙona gobe.

Juma'a, 17 ga Mayu

Ban je wurin Si Lmadani ba. Na je ƙofar Rƙiya. Ta bar ni tsaye sai da ta gama tsintar wakenta.

Na ce me ya sa bai gaya mini ba? Ta ce, "Ya gaya miki. A gabana ya shigo da akwatin yana murna, kika ce tsofai-tsofai da shi yana wasan ɓuya da Turawa, ya kwashe shirmensa daga kan tabarmarki." Na rantse ban tuna ba. Amma bakina ne, na gane shi.

Ta ce da hawan ya fara yi masa wuya, yana tsayawa sau uku kafin ɓauren, sai ya roƙe ta ta riƙa duba masa in ta je itace. Ta sa sabon fensir, ta bar warwaro in kayan sun ƙare. Ya ce kada ta faɗa mini, zan yi musu dariya su biyu.

Sau uku yana tsayawa. Ni da nake kwana da shi ɗaki ɗaya ban gani ba.

Na ce ki yafe mini. Ta ce, "A gaban mutane kika faɗa, Tuda." Ta ɗauki wakenta ta shige.

Asabar, 18 ga Mayu

Na janye maganata a bakin tanderu. Mata tara ne yau, sun ƙaru da jin labari. Na faɗa, na kuma maimaita. Rƙiya dai ƙullunta ta matsar gefe, wurin ya ishi biyu.

Lahadi, 26 ga Mayu

Na mayar da akwatin tun Litinin, duwatsu uku kamar yadda na tarar. Motar na ɗauka, tunda haka dokar take, na bar maɓallin jallabiyarsa. Na rubuta sunana a littafin da Larabci. Wanda zai iya ya karanta.

Kullum ina bi ta wurin, amma don awaki ne, ciyawar can ta fi. Ƙofar ma da na sake wa shuɗi, dama ta koɗe.

Ɗazu da safe wasu biyu suka tsaya a ƙofar. Suka dubi waya, suka dube ni, namijin ya dafa ƙirji ya ce salamu alaikum, a karkace. Rƙiya tana leƙowa ta katanga, ta ce, "To, ki nuna musu fuskar mana." Na ɗaure fuska, tunda haka ya rubuta. Sannan na shiga na ɗauko gurasar.