Kwana Biyar Da Famfo A Gefen Gado

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya kantin magani, yaya ciniki? Mu ma lafiya lau. Baban yara na kan hanya da motarsa, 'yan biyu na zuwa makaranta.

Da gangan na ƙi kiranka a waya. Na san muryarka, kafin in kai ƙarshen magana ka lallashe ni, ni kuma yau ba na son lallashi.

Jiya na koma asibiti a duba jinina kafin zagaye na biyu na kemo, maganin sankarar da ake sa min ta jijiya. Likitar da ke ganina ta tafi hutu, sai wani sabon likita ya buɗe fayil ɗina, ya tambaye ni dalilin da ya sa na ƙi magani mai ƙarfin. Na ce wane magani? Ya juyo min da takarda. Ashe sakamakon gwajin tsokar da aka yanko a wuyana ya fito tun kwana goma sha biyu da suka wuce. A ƙasansa an rubuta da biro: an yi magana da yayanta, iyali sun zaɓi a ci gaba da na farko.

Wane iyali, Yaya? Baban yara bai sani ba. Ni mai ciwon ban sani ba. Lambarka na ba su don kai ka san sunayen magunguna, ba don ka zama bakina ba.

Likitan ya zaunar da ni ya yi min bayanin da ka ɓoye. Ya ce sankarar kaluluwa iri-iri ce. A tawa, ƙwayoyin halitta guda biyu ne suka bar mazauninsu a cikin ƙwayar cutar, ɗaya na sa ta yaɗu da gudu, ɗaya na hana ta mutuwa. Irin wannan takan yi wa kemon yini ɗaya da aka fara min taurin kai, ta lafa sannan ta dawo. Akwai wani da ake kwantar da mutum kwana biyar, magani na shiga jijiya ba tsayawa. Ya fi wahala, yana karya garkuwar jiki sosai, amma ga mai shekaruna da ƙarfina shi suka fi so. Bai yi min alkawarin komai ba. Ya dai ce zaɓin nawa ne.

Shekara goma sha shida ina koyar da lissafi. Kana ganin ba zan iya auna abu biyu in ɗauki ɗaya ba? Ranar da ka san wannan maganar ka kira ni kana tambayata ko tashin zuciyar ya ragu, har da yi min barkwanci a kan gashina.

Ka gaida Anti.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kun wuni lafiya, kuma ƙafar Anti ta yi sauƙi.

Saƙonka ya iso, na karanta har sau uku. Ka ce Baba ka tuna, yadda magani mai ƙarfi ya cinye shi kafin ciwon ya cinye shi, kuma kai ne ka sa hannu a takardar a lokacin. Ban san kana ɗauke da wannan ba, kuma na yi maka kuka. Amma Baba ya haura saba'in, ga ciwon zuciya. Ni shekarata arba'in da ɗaya. Tsoronka ka yi wa magani, Yaya, ba ciwona ba. Kuma a duk shafi biyun nan babu inda ka ce ka yi kuskure.

Daga gadon asibiti nake rubuto maka. Na zaɓi na kwana biyar, yau na uku. An sa min siririn bututu a damtse, ga famfo mai tura maganin rataye a jikin ƙarfe mai taya, ko banɗaki zan shiga tare muke tafiya. In jaka ta ƙare ya yi ta ƙara har nas ta zo. Maganin ja-ja ne. Bakina ɗaci, yatsuna sun fara yi min kamar ana tsira musu allura. Matar gadon da ke kusa da ni tana ce wa famfon mijina na biyu, wai ya fi na farkon zama a gida.

Likitata ta dawo daga hutu. Na wanke ta tas a gaban ɗalibanta. Ta ce ka gaya mata ba ni da ƙarfin zuciyar jin irin wannan labari, kuma ka yi alkawarin za ka sanar da ni a hankali. Ta ba ni haƙuri, ta ce ni ya kamata ta nema. Ita da ba uwarmu ɗaya ba, ta iya faɗin haka.

Na sa an goge lambarka daga fayil, an sa tawa da ta baban yara.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri, ina fata ka isa gida lafiya. A gaida Anti, a ce na gode da hular da ta aiko min, ta yi min daidai.

An sallame ni shekaranjiya. Abin da ka ji tsoro ya faru, ba zan musa ba. Mako guda da gama maganin zazzaɓi ya kayar da ni, fararen ƙwayoyin jinina suka yi ƙasa, bakina ya yi gyambo har ruwa ba ya wucewa. Na san ka zo. Na ji takunka a baranda, na juya fuskata bango. Nas ta ce awa huɗu ka yi a zaune da takunkumi a fuska. Da ka ce ai na gaya miki, da mun rabu ke nan. Na lura ba ka ce ba.

Ƙullin wuyana ya sace, sai na laluba nake jin wurinsa. Likita ta ce kada mu yi saurin murna sai an ɗauki hoto, kuma saura zagaye huɗu. Zan yi su. In ma abin bai yi ba, ni na zaɓa da idona a buɗe, ba wanda zai ɗauki nauyina shekara da shekaru kamar yadda ka ɗauki na Baba.

Har yanzu ina fushi da kai, kada hular ta ruɗe ka. Amma ranar Litinin za a sake kwantar da ni, baban yara kuma ba zai dawo ba sai Laraba. Ka zo ka kai ni. Za mu shiga wurin likita tare. Akwai kujera a bakin ƙofa, ita ce taka. In kana da tambaya, ka bari sai na gama nawa.

Ƙanwarka,
Auta