Huhun Ragon Layya

Zango, Lome

Zaituna,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da aiki, da zafin Yamai. Tunda ba kya ɗaga wayata, ga takarda ta hannun Ayouba direban bas.

Kin san ƙa'idar gidanmu: ranar Babbar Sallah Hajiya ba ta sa komai a bakinta sai an soya mata hanta da zuciya da huhun ragon layya. Bana har bayan azahar tsohuwar nan tana zaune da yunwa, muna neman kayan ciki sama da ƙasa. Ashe 'yarki Batul ce ta kwashe su a roba ta kai bayan gida. Na same ta ta tara yaran layi, ta cusa bututun biro a maƙogwaron ragon tana hurawa, huhun yana kumbura yana saɓewa. Ƙanana suka watse suna kukan rago ya tashi. Zuciyar kuwa ta tsaga ta da reza, wai tana neman ɗakunan da mushe, malamin ajinsu, ya ce suna ciki. Liman da baƙina duk sun gani.

Abin da ta koyo ke nan a darasin siyans, wato kimiyya. Sabiru ɗana ajinsu ɗaya, shi ma ya ce darasin ciwon kai ne, amma yakan haddace ya rubuta ya wuce, bai taɓa wulaƙanta naman ibada ba. Na cire ta daga lakwal, makarantar bokon nan. Tana bin matata Rahamatu rumfar atamfa a kasuwar Assigamé, can za ta koyi abin da zai amfane ta.

Hajiya tana gaishe ki, ko da yake ba ki tambaye ta ba.

Yayanki, Sabitu

Yamai

Yaya Sabitu,

Wa'alaikumus salam. Ina gaida Hajiya, a ba ta haƙuri a madadina. Batul ta yi laifi da ta bar kakarta da yunwa, wannan ban musa ba. Ka ja mata kunne, ka hana ta naman Sallah, duk daidai ne. Amma makaranta me ta yi maka?

Sabirun da kake yabo na ji karatunsa da kunnena bara. Ya rero sassan numfashi da Faransanci tiryan-tiryan kamar rediyo, da na ce ya nuna mini huhu a jikinsa sai ya dafa cibiya. Yaran layin nan duk haka suke, sun tsani darasin don ba abin da aka taɓa sa musu a hannu sai alli. Mutum ɗaya ta so ta gani da idonta, ita ka kora.

Ka taɓa tambayarta me ya sa huhu? Ubanta Garuba ya ƙare rayuwarsa a kan zemijan, babur ɗin haya, yana shaƙar hayaƙin babura tsakanin Adawlato da Hanoukopé. Tana zaune a gefen tabarmarsa lokacin da yake jan iska ba ta shiga. Bayan an kai shi ta tambaye ni ina iskar take tsayawa, na ce ikon Allah. Ta tambaye ka, ka ce ta rufe baki. Ikon Allah ne, amma yarinyar tana son ta ga wurin.

Ina soya wa wasu abinci a ƙasar mutane ne don ta yi karatu. Uwargidana ba za ta sake ni ba sai ƙarshen shekara, kuma ka san haka, shi ya sa ka sami ƙarfin hali. Ka mayar da ita aji. In ka ƙi, zan rubuta wa liman, ya zo ya tambaye ka a gaban jama'a yadda kake riƙon marainiya.

Ƙanwarka, Zaituna

Zango, Lome

Zaituna,

Bayan gaisuwa. Takardarki ta iso, na ga rashin kunyar da ke ciki, yanzu na san inda yarinyar ta gado.

Ni na wanke Garuba, ni na sa shi a kabari, ba ke za ki koya mini ciwon mutuwarsa ba. Kina can nesa kina ba da umarni, ni ke jin abin da ake faɗa. Matan layi sun hana 'ya'yansu wasa da ita, suna cewa yarinyar da ke hura rai a mushe ba lafiya ba. Wannan ma siyans ɗin zai gyara?

Ba sai kin tada liman ba. Malamin ajin nasu ya zo har gida yana roƙo, Hajiya ma ta sa baki, na mayar da ita. Amma na zaunar da ita a gaban kakarta ta yi alkawari da bakinta: ta haddace abin da aka rubuta a allo, ba taɓe-taɓe, ba tambaye-tambaye, a gida ko a aji. Ranar da ta saɓa, Assigamé na nan. Kin ce makaranta kike so, ga makaranta.

Ki huta lafiya.

Sabitu

Zango, Lome

Maman,

Ina gaishe ki da kyau. Ina lafiya, Kaka ma tana lafiya, ta yafe mini.

Don Allah ki daina faɗa da Kawu, na koma lakwal kuma komai ya va bien, lafiya lau. Yanzu ni da Sabiru muke hadda tare, mushe ya ce makina ya yi kyau. Yaran layi sun fara yi mini magana.

Jiya mushe ya kawo batir da waya da ƙaramin ƙwan fitila, ya ce wa zai zo ya haɗa ya kama. Kowa a ajin ya sunkuyar da kai. Ya kira sunana, ya tsaya yana jirana. Na san yadda ake haɗawa, Maman. Na zauna a kan hannuwana har ya mayar da kayan cikin jaka.

'Yarki, Batul